Sunan da Baffa Ba Ya Faɗa

Litinin, 2 ga Yuni 2003, bayan la'asar

Yau Halliru, ƙanen mijina, ya shigo da wani mutum mai igiyar awo har ƙofar ɗakina. Ina kan keken ɗinki na ga inuwarsu ta labule. Ɗaya ya dafe bakin igiya a jikin katangar da mijina ya ɗora da hannunsa, ɗayan yana ja yana kiran lamba da Larabci. Na leƙo na ce, "Halliru, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, matar Yaya, dubawa kawai muke yi." Tun yaushe ake duba katanga da igiya? Na san mutumin, mai shaguna ne a unguwar Klemat, kuma duk unguwarmu ta Gardole an san sashenmu na yamma shi ne ya kalli titi.

Baffa, surukina, yana kwance a ɗakinsa ƙafafu a kumbure, sati uku bai leƙa kasuwar shanu ba. Da ransa, da hankalinsa, ake auna masa gida.

Wata takwas ke nan da rasuwar Tahir. Ga shi na rubuta sunan. Shekara goma sha biyu ina aurensa ban taɓa kiransa da baki ba, sai dai in ce Baban Ilham, don haka aka koya mini tun a Funtua. A wannan littafin kaɗai nake da bakin faɗinsa.

Laraba, 4 ga Yuni, da hantsi

Na kai wa Zainabu, matar Malam Abdulmutallib limamin unguwarmu, ɗinkinta. Ɗinkin dalili ne kawai. Na roƙe ta ta yi mini iso, Malam ya zauna a bakin zaure, ni kuma ina daga ciki. Na ce, "Allah gafarta Malam, ɗa ne ya riga ubansa rasuwa, ya bar 'ya'ya mata biyu. Uban yana da wani ɗa namiji da rai. In ta Allah ta kasance, me yaran za su samu?"

Ya san maganar wa nake yi, amma bai nuna ba. Ya ce, "A gado ba su da komai. Ɗan da ke raye ya tare su."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Ya ci gaba, ya ce Allah bai rufe ƙofa ba. Mutum yana da ikon yin wasiyya da sulusin abin da ya mallaka, kashi ɗaya cikin uku, ga wanda ba magajinsa ba, kuma tun da yaran ba magada ba ne, wasiyya ta halatta gare su. Sai dai kakan ya faɗa da bakinsa yana cikin hankalinsa, gaban shaidu biyu adilai, ya ambaci abin da ya bayar, ya ambaci waɗanda ya ba. A rubuta, a kai wa bulama, mai unguwa, ya buga hatimi.

Maganar da ba ta fi numfashi uku ba. Ita ce tsakanin 'ya'yana Ilham da Saudat da titi.

Alhamis, 5 ga Yuni, azahar

Ba da shari'a nake fushi ba, astagfirullah. Da mutane nake fushi.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan la'asar

Shekara ashirin Tahir yana bin shanu daga garin Masakori zuwa mayankar unguwar Farcha, rana ta ƙona shi har ya koma kamar ba Bafulatani ba. Duk saniyar da ya samu da guminsa, tambarin Baffa ake ɗora mata a cinya, wai ɗa ba ya yin ƙarfen tambarinsa alhali ubansa na raye, rashin kunya ne. Ɗakunan da ya gina, a filin Baffa ya gina su. Na sha ce masa, "Baban Ilham, ka sa a rubuta wani abu." Sai ya yi dariya ya ce, "Takarda tsakanina da mahaifina? Ke dai 'yar boko ce." Ranar da hatsarin mota ya ɗauke shi, aka duba aka ga abin da ya bari da sunansa bai wuce agogo da riguna da rediyo ba.

Ina jin haushinsa. Laifi ne mace ta ji haushin mamaci? To ina ji. Na yi masa addu'a da asuba, da hantsi kuma na zage shi a zuci.

Lahadi, 8 ga Yuni, da safe

Na sami Inno, surukata, tana dama fura, na durƙusa na kawo maganar a hankali, na zagaya na zagaya kafin in kai ga kalmar wasiyya. Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Hansatu, mutuwa kike kira masa?" Na ce a'a, Inno. Ta ce, "Mutum na kwance kina kawo zancen rabo. Kalas, magana ta ƙare, kar in ƙara ji." Ta ci gaba da damunta.

Ita ba ta ga mai igiya ba ke nan. Ta tagar ɗakinta ya wuce.

Talata, 10 ga Yuni, kafin magariba

Ni ba ni da hanyar zuwa wurin Baffa, abin da ke cina ke nan. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na kai abinci, a bakin ƙofa nake ajiyewa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon bango. In muka yi kiciɓis a zaure, ni in juya, shi ma ya juya. Da ina ganin abin da kyau, har ina yi wa ƙawayena alfahari da shi.

Shi kuma Baffa, Tahir ɗan farinsa ne, kuma a wurinsu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Inno ta taɓa gaya mini cewa ko ɗaukarsa bai taɓa yi ba yana jariri. "Wancan" yake ce masa, ko "mutumin nan". Ranar jana'iza ya zauna yana karɓar gaisuwa fuskarsa a bushe, kamar ɗan maƙwabci aka binne. Mutane suna ta yabonsa, wai dattijo, wai ya iya haƙuri. Ni da ke cikin ɗaki ina jin su, ji nake kamar in fito in watsa musu butar shayin.

Ga ni ba na iya yi masa magana, ga shi ba ya iya faɗin sunan ɗansa, ga Halliru da igiya.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan sallah

Kubura, ƙanwar Tahir da ke aure a Farcha, ta zo dubiya. Ita kaɗai ce a gidan nan take shiga ɗakin Baffa ta zauna a gefen gado ta yi masa wasa. Na ja ta ɗakina na gaya mata komai, har ta yi hawaye. Ta shiga, ta daɗe, ta fito tana murmushi ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ya ce wancan ɓangaren na masu shi ne, kowa ya sani."

Na ce, "Su wa ye masu shi?" Ta ce, "Haba, ai kin gane." Na ce, "Ni na gane. Alƙali zai gane? Wa ya ji, ban da ke? Ke kuma magajiya ce, 'yarsa." Sai ranta ya ɓaci, ta ce ta yi iya yinta, ta ɗauki lafayarta ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Kowa ya sani. Tahir ma haka yake cewa.

Asabar, 14 ga Yuni, azahar

Zafi. Babu wuta kwana huɗu. Na ɓata wuyan rigar mutane sau biyu.

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Saudat ta dawo daga makaranta, an ce su rubuta sunan mahaifi da na kaka a takarda. Shekararta bakwai, bakinta ba ya hutawa. Tana cin abinci ta ce, "Umma, Kaka bai san sunan Abbanmu ba ko?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ban taɓa jin ya faɗa ba. Ke ma ba kya faɗa. Inno ma ba ta faɗa. Ko an manta ne?" Ilham ta daka mata tsawa ta ce ta yi shiru.

Na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

Alhamis, 19 ga Yuni, da hantsi

Na je wurin masu wayar haya na kira yayana Imrana a Funtua. Ya ce, "Kin gama takaba tuntuni, zaman me kike yi a ƙasar mutane? Ki dawo gida." Na ce yaran fa? Ya ce, "Yara ai na dangin ubansu ne, ba za su ba ki su ki tsallaka iyaka da su ba." Ya faɗe shi a sauƙaƙe, kamar yana gaya mini ranar kasuwa.

To ga lissafin nasu. In sashen nan ya tafi, ni Funtua, 'ya'yana kuma tabarma a ɗakin matar Halliru. In sashen ya zama nasu, ina da inda zan zauna in riƙe su, babu mai cewa in tashi.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Na tare Halliru a tsakar gida. Shi dai ƙanen miji ne, ina da bakin yi masa magana. Na ce, "Me za ka yi da sashen yayanka?" Bai ɓoye ba, na ba shi wannan. Ya ce kasuwar shanu ta lalace, gida mai kallon titi a Gardole asara ne a bar shi ɗakin kwana, shaguna huɗu za su fita a wurin. Ya ce, "Yaran nan 'ya'yana ne, wallahi ba za su yi kukan maraici ba ina raye."

Na ce, "Yayanka ma yana raye ya yi mini alkawari. In kana nufin abin da ka faɗa, mu je wurin Malam ka sa hannu." Sai ya tashi tsaye, ya ce, "Takarda tsakanina da 'ya'yan yayana? Ni kike tuhuma?" Maganar Tahir ce sak, har muryar. Gidan nan duk wanda ka ce ya rubuta, ka zage shi.

Ban ce Halliru mugu ba ne. Na ce shi ma mutum ne mai hawa mota.

Lahadi, 22 ga Yuni, da yamma

Malam Abdulmutallib ya zo dubiya, na san saboda ni ya zo. Ina wanke kwanuka kusa da taga ina ji. Suka yi zancen ruwan da ya ƙi sauka, suka yi zancen cutar huhu da ta kama shanu a gabas. Da Malam ya kawo hadisin da ya ce kada musulmi ya kwana biyu ba wasiyyarsa a rubuce, Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Malam, Allah ya sa mu dace." Malam ya ce, "Akwai marayu a gidan nan, Alhaji." Baffa ya ce, "Yaran wancan ai suna inda suke." Ya kira a kawo shayi.

Zainabu ta aiko mini daga baya. Malam ya ce shi ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba, kuma ba zai matsa wa mara lafiya ba.

Kowa yana da kunyar da yake karewa. Malam yana kare tasa, Inno tana kare tata, Baffa ya rungume tasa shekara arba'in da ɗaya, tun haihuwar Tahir. 'Ya'yana ne za su biya.

Talata, 24 ga Yuni, azahar

Baffa ya faɗi wajen alwala. Harshensa ya yi nauyi kusan awa guda, sannan ya sake. Likitan da aka ɗauko ya ce in cutar ta sake dawowa ba lallai maganar ta dawo ba.

Laraba, 25 ga Yuni, da safe

Mai igiya ya sake zuwa. Wannan karon bai shigo ba, daga titi ya tsaya yana kallo.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan la'asar

Na wanke lafayata baƙa. Ban ci komai ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan la'asar

Sai na rubuta kafin a canza mini labarin.

Bayan an sauko daga masallaci, Malam ya shigo gaishe da Baffa tare da Alhaji Haladu, tsohon abokinsa na mayankar Farcha. Maza biyu, adilai, ba magada ba. Na ƙirga su tun daga zaure. Na karɓi tiren shayi daga hannun Ilham na ce ni zan kai. Na isa bakin ƙofa inda na saba ajiyewa, ban ajiye ba. Na ɗaga labule na shiga, na dire tiren a tsakiyar ɗaki, na zauna a kan tabarma, na ɗaga kai na dubi surukina.

Ashe haka fuskarsa take. Hancin Tahir ne sak, da goshinsa.

Alhaji Haladu ya ce, "Subhanallahi." Baffa ya juyar da kai bango. Na ji Inno ta taho da sauri ta tsaya a bayan labule tana cewa, "Hansatu, fito. Fito na ce." Ban fito ba.

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, yau na ajiye kunya. Tahir ya rasu." Na ji sunan ya fita daga bakina kamar ba nawa ba. Na ce, "Tahir ya bi muku shanu shekara ashirin, bai taɓa yin tambarinsa ba don yana jin kunyarku. Ku kuma ba ku taɓa kiran sunansa ba don kuna jin kunyarsa. Ya tafi bai ji ba. Yanzu 'ya'yansa ba su da ko bulo ɗaya a gidan nan sai in kun buɗe baki. An riga an auna katangar, kuna kwance. Saudat ta tambaye ni ko kun san sunan ubanta, na rasa abin da zan ce mata. In kun tashi gobe ba harshe, me zan ce mata?"

Shayin yana ta hucewa a tire. Ina jin numfashin Inno a bayana. Na ce a raina, shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza.

Can Baffa ya ce, yana kallon bango, "Malam, akwai takarda a jikinka?"

Akwai. Ashe tun ranar Lahadi yake yawo da ita a aljihu. Baffa ya ce sashen yamma, ɗakuna uku da rumfa da ƙofar titi, ya yi wasiyya da shi ga jikokinsa mata biyu. Ya ce uwarsu ta zauna da su a ciki, Alhaji Haladu ya tsaya a kan lamarin har su girma. Malam yana rubutawa, ya tabbatar sashen bai kai sulusi ba in aka haɗa da garke, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, jikokinka mata suna da yawa. Na Halliru uku, na Kubura biyu. Sunayensu, da sunan ubansu."

Baffa ya ce, "Ilham. Saudat." Ya tsaya. Malam bai taimake shi ba, alƙalami a sama yana jira, Allah ya saka masa.

"'Ya'yan Tahir," in ji Baffa. Ya sake cewa, "Tahir." Wannan na biyun ba don takarda ba ne. Ya ja bargo ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna girgiza, wani sauti yana fita da ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Alhaji Haladu ya ce mini a hankali, "Tashi ki fita, 'yata." Na fita. Aka dangwala masa yatsa bayan ya natsu.

Asabar, 28 ga Yuni, azahar

Bulama ya buga hatimi. Kwafi ɗaya a wurin Malam, ɗaya a wurin Alhaji Haladu, ɗaya a ƙasan akwatin keken ɗinkina.

Ba mai yi mini magana a gidan. Na gaishe da Inno ta tashi ta bar wurin. Halliru ya ce wa matarsa, da ƙarfi don in ji, wai an kawo musu tarbiyyar Najeriya. Labari ya kai Farcha, wai na shiga ɗakin surukina ina nuna shi da yatsa. Ban nuna shi da yatsa ba. Ban ma damu in gyara ba.

Laraba, 2 ga Yuli, da hantsi

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka jiya. Baffa bai ƙara magana ba tun Litinin.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai Baffa makwancinsa da hantsi.

Alhamis, 10 ga Yuli, kafin magariba

Inno ta yi mini magana yau, karon farko. Na kai mata kunu a ɗakin takaba, ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da abin nan a ƙirjinsa, shi ke tsayar da shi. Kika sa ya sake shi. Daga ranar bai ƙara tashi ba." Na ajiye kunun na fito. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Na auna abin tun daga ɗakinta har nawa, kuma in aka mayar da ni Juma'ar nan, zan sake ɗaga labulen.

Na so in ci gaba da fushi da Baffa, ya fi mini sauƙi. Na nemi fushin na rasa. Wanda ya rage na Tahir ne, da bai tsaya ya ji ba.

Ina ninke kayan makoki Saudat ta zo ta zauna a kan ƙafata, ta yi girma da haka amma na bar ta. Ashe ranar tana laɓe a bayan Inno, ba wanda ya lura da ita. Ta daɗe tana wasa da bakin lafayata, sannan ta ce, "Umma, ashe Kaka ya sani."

Na ce, "Ya sani."

Ta ce, "Sau biyu ya faɗa."